Ciwon Cikin da Na Ara a Firanze

Mutum ya yi tafiya da ubansa, ya yi da maigidansa, ya yi ma da wanda ba sa ga maciji, duk wannan da sauƙi. Ni da surukina aka haɗa ni, uban matata Hadiza, aka ɗora mu a jirgi ɗaya, kujera na gogar kujera, sai ƙasar Italiya.

Wata ƙungiyar majema ce ta can ta gayyaci mutanen Damargu su je su ga yadda ake gyaran fata, tunda fatun awakinmu sun daɗe suna isa hannunsu ta hanyoyi masu nisa. Mu huɗu aka tura. Surukina shi ne shugaban tafiya, don kaf Belbeji babu falken fata kamarsa, kuma in manomi da makiyayi suka zare wa juna ido a kan burtali, shi ake kira ya yi magana ɗaya kowa ya mayar da wuƙarsa kube. Baba nake ce masa, a nan ma Baba zan ce, don ba a haife ni in kama sunan suruki ba. Sai Hajiya Zuwaira ta Gangara, shugabar mata masu ɗinkin jakunkuna. Sai Lawali, taubashina, ɗan kasuwar Tanut, wanda tsakanin bakinsa da wayarsa ban san wanda ya fi wani gudu ba. Abin da ya gani da safe a Italiya, kafin azahar yana cikin wayoyin ƴan rumfarsu. Ni kuwa ma'aikacin kiwo ne, likitan dabbobi, saboda Faransanci aka saka ni. Duk abin da za a faɗa mana ko za mu faɗa, ta bakina yake bi.

Wanda ya shirya mana takardu ya ga ni da Baba dangi ne, sai ya ɗauka alheri yake mana, ko'ina ya ajiye mu tare. Bai san tunda na yi aure ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. In zan gaishe shi a Belbeji, a ƙofar zaure nake barin takalmina, in tsuguna daga nesa in gai da ƙasa, shi ma ya amsa wa bango. Ko gyaɗa ban taɓa taunawa a gabansa ba. Sai ga mu a teburi ɗaya, an ajiye mana taliya kwano kusa da kwano, Turawa na murmushi suna jiran mu fara. Na ce a ƙoshe nake. In an watse sai in ɗauki burodi da cukunsu in haye matakalar bayan otal in ci a tsaye kamar ɓarawo. Cukun nan ga laushi ga wari, ina ci ina tuna namu na Tanhiya, busasshe, wanda ake dakawa cikin fura. Kewar gida ta kama ni a matakalar nan fiye da yadda na zata, har na tsinci kaina wata rana ina shinshina tsumman da Hadiza ta ƙulle mini dabino.

Garin majeman yana wajen birni. Kullum yayyafi, sanyi kuwa ta tafin ƙafa yake shiga. Mun ga injuna da ke juya fata cikin manyan ganguna, mun ga rini kala-kala, Baba yana murza fata da yatsa yana gyaɗa kai, Hajiya na tambayar irin zaren da suke ɗinki da shi, Lawali na ɗaukar hoton har tsintsiya.

A nan na fara lura Baba ba ya shan komai. Mutumin da butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi a ƙofar gidansa, an miƙo masa shayi ya ɗaga hannu, an miƙo ruwa ya ce ya gode. Leɓensa ya bushe har ya tsage. Duk ɗakin da muka shiga kusa da ƙofa yake zama. In zaman ya yi tsawo sai ya fara sauya ƙafa, ya dafa gwiwa, carbin da ke hannunsa ya tsaya cak. Tunda ba na duban fuskarsa, ƙafafunsa nake kallo, su suka fara gaya mini akwai magana.

Sai Hadiza ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Inna ta ce in gaya maka, wai Baba ba ya son dogon zama kwanan nan."

"Bayansa ne ke ciwo?"

"Ni dai abin da ta ce ke nan. Ta ce ai kai likita ne."

Da ta kashe waya na zauna na haɗa ɗaya da ɗaya. Allah ya yafe mini kwatancen, amma na sha ganin irin tsayuwar nan wajen tsohon rago. Ciwon dattawan maza ne, fitsari ya zo ba sallama, kuma ba ya jira. A gida abin da sauƙi, mutum ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan danga ba wanda ya sani. A nan kuwa kowace ƙofar makewayi sai an tambaya, tambayar sai da Faransanci, Faransancin kuma a bakina yake, ko a bakin Lawali da ke tsintar kaɗan-kaɗan. Baba ya gwammace ƙishi ya kashe shi da ya dubi mijin ɗiyarsa ya ce ya matsu. Na kuma san abin da zai biyo baya in abin ya kuɓuce masa a gaban wayar Lawali. Ba zai ƙara zama raba gardama a Damargu ba, don ko an yi shiru a gabansa ya san an sani. Da ba shi da kansa ya sakar mini baki daga baya ba, da labarin nan a cikina zai ruɓe.

Na samo dabara. Duk ginin da muka shiga sai in leƙa in gano wurin, in dawo in ɗaga murya, "Hajiya, in za a sabunta alwala, ga ƙofa can hannun dama."

Da abin ya yi yawa ta ce, "Kai Isuhu, wai ni na ce maka alwalata ba ta riƙo ne?"

Na yi dariya na bar ta. Jim kaɗan sai in ga kujerar Baba ba kowa. A haka muka gama da garin majema lafiya lau.

Ranar ƙarshe masu masaukinmu suka ce sun shirya mana kyauta. Za a kai mu birnin Firanze yawon ganin gine-gine da zane-zanen kakanninsu, da ƙwararriyar mai jagora, daga can sai filin jirgi. Da muka loda kaya a kar, wato babbar motar da za ta kwashe mu, na matsa kusa na ce wa ƙasa, "Baba, an ce tafiyar ƙasa ce mai yawa. Ko za a huta a mota?"

Ya amsa wa taga, "Mutane sun ɓata lokacinsu sun shirya mana. Zan je."

Babbar riga ya sa, fara sol, da rawani. Na ga ya cusa ƴar butarsa ta roba cikin jakar hannu.

Ba zan ɓoye ba, ni ina ɗokin ranar. Tun ina lise, wato sakandare, a Damagaram akwai wani zane a littafinmu da na riƙa komawa kansa, makiyaya masu faso a hannu sun leƙo ganin jariri, ga sa ga jaki a gefe. Fuskokinsu sak na mutanen da nake yi wa rigakafin shanu. Malaminmu ya ce ainihin zanen a Firanze yake, ya fi bangon ajinmu faɗi, ni kuma na riƙe maganar a raina.

Mai jagorar Madam Kiyara ce sunanta, gajeriya, farin gashi yankakke, riƙe da sanda mai ƙyalle rawaya a kai. Ta raba mana ƴan na'urori na sawa a kunne, ta ce duk inda ƙyallen ya yi mu bi. Kafin in gama fassarawa ta yi gaba. Matar nan tafiya take kamar an biyo ta, kan duwatsun da aka shimfiɗa a titi masu santsi.

"Wannan madugun ba ta waiwaye," in ji Baba.

Zangon farko babbar majami'ar garin ce. Na ga gine-gine a Yamai, na ga na Kano, amma ranar sai da na riƙe hulata don kada ta faɗi. Bangon duk marmara ne, fari da kore da ja-ja, an jera shi kamar saƙar tabarma, a sama kuma ga wata ƙubba ta jan bulo da ta rufe rabin sararin samaniya. Madam ta ce magina sun ɗora ta ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, bulo ne aka riƙa sarƙawa yana riƙe ɗan'uwansa har aka haɗe a ƙoli. Na juya da Hausa. Hajiya ta ce, "Ashe rumbu ne, sai dai ba gero a ciki." Har Baba ya yi ƴar dariya.

Madam ta ja mu wajen wasu ƙofofin ƙarfe masu ruwan zinariya, ta shiga bayani tiryan-tiryan. Ina tsaka da fassara sai na ji carbin Baba ya yi shiru. Na dubi ƙasa. Ƙafar dama ta hau kan ta hagu.

Hantsi ne, azahar da sauran nisa, ba wanda zai yarda da zancen alwala. Ba mu cikin gini balle in nuna ƙofa. Dandali ne fetal, mutane dubu, ga farar riga, ga Lawali ya ɗaga waya sama yana juyawa da ita. Ban yi dogon tunani ba, don na san in na yi ba zan iya ba. Na dafe cikina da hannu biyu, na duƙa, na ce, "Wayyo cikina!"

Kowa ya juyo. Na gaya wa Madam da Faransanci, da ƙarfi yadda Lawali zai ji, cewa gudawa ta kama ni kuma ba zan kai ko'ina ba. Wanda bai san al'adarmu ba ba zai gane abin da na yi ba. Ni da ba na tari mai ƙarfi a gaban mutumin nan, yau ga ni ina shelar abin da ke cikin hanjina a kan idonsa. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

Lawali ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Cukun da kake sata a matakala ne! Wallahi na gan ka. Likitan awaki, yau wa zai yi maka allura? Mu je in raka ka, kada a rasa hoton tarihi."

In Lawali ya bi ni, na zubar da mutuncina a banza.

"Kai Lawali," in ji Baba, murya a kwance. "Tsaya ka ji bayani ka faɗa wa Hajiya. Ni na fito da yaron nan daga gida. In ya faɗi a titi ni za a tambaya."

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, amma na san ya gane.

Muna barin dandalin wani saurayi mai baƙar jaket ya tare mu, fuska sake, yana jefa Faransanci ɗaiɗai. Ya ce ya san wuri nan kusa, mai tsabta. Muka bi shi lungu ya ba lungu, har ya tsaya gaban wata koriyar ƙofa, ya miƙo hannu. Na zuba masa abin da ke aljihuna. Kafin in murɗa ƙofar in ji ta a kulle, ya ɓace. Ɗakin ajiyar shara ne ma. Na bi bayansa da zagi, na Hausa, na Faransanci, har da ɗan Buzancin da na koya a bakin rijiyoyi. Da na waiwayo sai na ga Baba ya jingina da bango, sai na haɗiye sauran.

Allah ya kawo mana wani baƙin mutum mai tallan lema a bakin lungun, ɗan Senegal. Ya ga rawani ya yi mana sallama, na amsa, na gaya masa buƙatata a gurguje. Ya nuna wani shagon kofi da baki, ya ce, "A garin nan ba a roƙon makewayi, ɗan'uwa. Ka sayi kofi, su ba ka makulli." Ya ga na laluba aljihu ba komai, sai ya bar kayansa a ƙasa ya shiga da mu, ya biya, ya koma bakin tallansa kafin in tambayi sunansa. Na ajiye makullin a kan teburi na juya baya. Na ji takun Baba ya yi ciki. Ni kuma na shanye kofin nan mai ɗacin tsiya ina fuskantar bango.

Da muka koma, Madam ta riga ta fito da ƙwayoyi biyu daga jakarta. Ta tsaya a kaina sai da na haɗiye su, Lawali na ɗauka. Magani ne na gaske, ba wasa. Mutum lafiyarsa ƙalau ya sha maganin tsayar da ciki, sai da muka kwana biyu a Nijar kafin hanjina ya tuna aikinsa.

Zango na biyu wani dandali ne cike da gumakan dutse, manya-manya, yawancinsu ko bante babu. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, amma na lura mayafin shara-shara ne. Madam ta tsaya gaban wani ƙato, ta ce mu dubi jijiyoyin bayan hannunsa, da guduma da kurfi aka fitar da su daga dutse guda. Na ɗauka Baba zai ɓata rai. Sai ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanda ya sassaƙa wannan ya san jiki. Amma da ya taimaka masa da riga, garin da sanyi." Kafin mu bar wurin na sake dafe cikina wai ya motsa, muka sake neman shagon kofi, wannan karon da kuɗin da na karɓa hannun Hajiya. Yanzu mun ƙware, ba wanda ya ce da wani uffan.

Zango na uku shi ne babban gidan zane-zane, kuma nan ne na san na yi tafiya. A ƙofa aka sa jakunkunanmu cikin na'ura. Mai gadi ya zaro butar Baba, ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa, ya tambaya ko ta shayi ce. Ya ce ba a shiga da ita. Madam ta raba mana ƴan gorunan ruwa, ta dubi agogo, ta dube ni, ta ce saboda tsaye-tsayena lokacinmu ya kusa wucewa, don haka ba sauran tsayawa. A ciki hanya ɗaya ce, gaba kawai ake yi, makewayi kuma sai can ƙarshe. Sannan ta ɗora mu kan wata matakala da na ɗauka sama ta bakwai za ta kai mu.

Abin da ke saman ya cancanci hawan, wannan gaskiya ce. Dogon zaure ne har ido ya gaji, rufinsa duk zane, ɗakuna na buɗewa dama da hagu. Fuskoki a bango suna kallonka kamar za su amsa gaisuwa. Hajiya ta matsa kusa da hoton wata mata mai shuɗin lulluɓi ta ce, "Isuhu, tambaye ta, wannan shadda ce aka manna ko fenti ne?" Ta miƙa yatsa, wata ƙararrawa ta yi ƙara, ta janye hannu kamar ta taɓa murhu. Madam ta ce fenti ne, kuma shuɗin daga wani dutse ake niƙa shi, wanda fatake ke kawowa daga ƙasashe masu nisa, a zamanin ya fi zinariya tsada. Nan Baba ya farka. Ya ce in tambaye ta ko da raƙuma ake ɗauko shi, kuma wa ke karɓar fito a hanya. Ta ji daɗin tambayar, suka yi ta yi, ni ina tsakiya ina juya magana. Na ɗan lokaci ya manta da jikinsa, ni ma na manta.

Sai Madam ta ce ɗakin gaba akwai zanen makiyaya, mu shirya idanunmu. A daidai nan na ji carbi ya faɗi ƙasa. Baba bai duƙa ya ɗauka ba. Na tsince shi, na ga ƙafafunsa a haɗe, yatsun sun lanƙwashe cikin takalmi. Wannan ya fi na ɗazu.

Na katse Madam a tsakiyar magana, na ce cikina ya sake tashi. Ta juyo a fusace ta ce, "Malam, karo na uku ke nan. Mutane na tanadi shekara da shekaru don su tsaya inda kake tsaye. Ba za ka iya daurewa kaɗan ba?"

Ni ma raina ya ɓaci, ga tsoro, ga kofi na yawo a jinina. Na ce, "Madam, zanenki ya yi shekaru aru-aru yana jira a bango, zai ƙara. Cikina ne ba zai jira ba."

Lawali ya ji rabin maganar ya gane sauran, ya zauna daɓas a kan benci yana share hawaye. Ni na riga na yi gaba, Baba na biye.

Ban san tsawon zauren nan ba sai da na bi shi da dattijo a matse. Muka ratsa ɗakin makiyayan ba mu tsaya ba. Abin da na gani da wutsiyar ido kunnen jaki ne kawai, shi ke nan rabona da zanen da na yi ta mafarki. Muka wuce sarakuna, muka wuce mala'iku, mutane sun cunkushe hanya kowa ya ɗaga waya. Ina ture su ina ba da haƙuri, ina jin numfashin Baba a bayana yana fita guntu-guntu. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da raƙumi ya kayar da ni a daji ni kaɗai.

Wata mai gadi, ƙatuwar mata, tana zaune kan kujera a kusurwa. Na duƙa a gabanta riƙe da ciki ina haɗa Faransanci da hannu. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta miƙe. Ta kwance wata igiya da aka tare hanya da ita, ta sa makulli ta buɗe mana lif na ma'aikata, ta shiga da mu da kanta har ƙasa. A ƙofar makewayin layi ne. Na shiga gaba ina nishi ina roƙo, Turawa da ƴan Sin suka dare mini. Da ƙofa ta buɗe sai na ajiye gorar ruwana a bakinta, na tsuguna kamar zan gyara takalmi, farar riga ta wuce ta gefena, ƙofa ta rufe. Wani dogo a layin ya fara gunaguni, yana nuna ni yana nuna ƙofar. Na miƙe na jingina bayana da ita, na zuba masa idon da nake zuba wa bijimi in ya ƙi shiga shinge, sai ya koma kallon wayarsa.

Na daɗe a tsaye ina addu'a. Da ƙofar ta motsa na matsa gefe, na saci kallon rigar daga wuya har ƙasa. Fara tas, ba ɗigo. Da ba don mutane ba da na zauna a ƙasa don daɗi.

Kusa da mafita akwai mai sayar da ruwa. Na karɓo babbar gora da canjin Hajiya, na ajiye a kan benci kusa da shi, na ce wa bango, "An ce akwai makewayi a kar, akwai a filin jirgi, akwai a jirgi. Cikina kuma bai daidaita ba, zan yi ta tsayawa har gida. Ga ruwa nan."

Na juya baya. Sai na ji an murɗe marfi. Na ji ruwan na sauka a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat, bai ajiye ba sai da gorar ta yi ƙarar wofi. Ya ce alhamdu lillahi a hankali. Idona ya cika, na yi kamar ina karanta wani allo da ban san harshensa ba.

Da sauran suka fito, Madam ce riƙe da butar Baba. Ƙatuwar mai gadin nan ta rako ta har ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa. Ta miƙo mini butar ta ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Ka yafe mini tsawar da na yi maka. Ni ma ina da uba a gida." Daga nan tafiyarta ta canza. A kan tsohuwar gadar da maƙeran zinariya suka jera shaguna, ta ce ƙafafunta sun gaji, za ta riƙa hutawa a duk shagon kofin da muka tarar, wanda ya ga dama ya shiga. Hajiya ta samu sararin taya ƴan kunne ba ta saya ba. Baba ya tsaya ya kalli kogin a natse, hannu a baya, ya ce ruwa haka yana wucewa ba ko akuya ɗaya a bakinsa.

Hotunan Lawali sun riga mu isa gida. Na sauka a tashar Tanut, mai ɗaukar kaya ya ce, "Sannu da zuwa, Gudawar Italiya." Sunan ya bi ni wurin aiki, ya bi ni masallaci. Na je rigakafi Tanhiya, wani tsohon makiyayi ya riƙe hannuna da tausayi ya ce, "Likita, ya cikin?" Ba wanda ya tambaye ni ƙubba ko zane. Hadiza ta tare ni da, "A gaban Baba, Isuhu? A gaban Baba?" Na ce cuku ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta dama mini fura ta zuba nono fiye da kullum. Abin yakan yi mini zafi, ba zan ce ba ya yi ba. Akwai ranar kasuwar da Lawali ya kwaikwayi duƙawata a gaban rumfa, saura ƙiris in shaƙe shi. Amma na ji labarin an kira Baba sasanta wata rigimar rijiya, ya shiga taron kowa ya miƙe, sai na ga sunan bai yi mini nauyi ba.

Bayan damina Hadiza ta same ni da saƙo. Inna ta ce a gaya mini Baba zai je ganin likita a Damagaram. Yana da ƴaƴa maza manya, biyu ma da motocinsu, amma ya ce mijin Hadiza ne zai kai shi, ba kowa ba.

Na ari mota na isa Belbeji da sassafe. Ya fito da butarsa da gorar ruwa, ya shiga baya, na ja. Muka bar gari, gonakin gero an girbe sai kara, shanu na kiwo a ciki. Can na ji ya gyara murya.

"Malam likita."

"Na'am, Baba."

"Hanyar da nisa. In cikin nan naka ya motsa, kada ka ji kunyata. Ka tsaya."

"To, Baba."

Ba mu yi wata tafiya ba na hango a madubi ya dafa gwiwa. Na rage gudu, na gangara gefen hanya kusa da wata aduwa, na kashe mota, na dafe cikina.